Ɗan majemi ya bar jima, amma wa zai ba shi gona da mata?

A watan Yulin 2016, kusa da garin Una na jihar Gujarat a ƙasar Indiya, wasu 'yan banga masu da'awar kare shanu suka kama samari huɗu suna feɗe mushen saniya. Suka tuɓe musu riguna, suka ɗaure su a jikin mota, suka yi ta zabga musu sanduna a bainar jama'a, har da ɗaukar bidiyo don alfahari. Ba yanka saniyar samarin suka yi ba. Mutuwa ta yi, su kuma aikin da suka tarar da iyaye da kakanni suna yi ke nan: in dabba ta mutu a ƙauye, su ake kira su ja ta bayan gari su cire fatar. Da bidiyon ya bazu, 'yan Dalit na yankin, wato mutanen da tsarin gadon asali na Indiya ya ajiye a can ƙasa har ake ƙyamar taɓa su, suka ce sun daina ɗaukar mushe, kowa ya ji da gawar dabbarsa. Wani matashin lauya, Jignesh Mevani, ya ja ragamar tattaki daga Ahmedabad zuwa Una, taken da suka riƙa rerawa kuwa shi ne: ku riƙe wutsiyar saniyarku, ku ba mu gonarmu. Eka biyar suka nema wa kowane gidan da ba shi da ƙasa.

Ba su ce a ƙara musu ladan fiɗa ba, ba su kuma ce a girmama sana'ar ba. Gona suka ce. Wannan ya sa nake ganin da gyara a maganar da ake yawan yi cewa zamani ya kashe tsarin gadon asali a ƙauyukan Indiya. Masu faɗar haka suna da hujja, kuma zan kawo ta. Sai dai abin da suke ƙirgawa shi ne mutum nawa suka bar sana'ar ubansu. A ganina barin sana'a shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Mai wuyar shi ne matsayin da sana'ar ta liƙa wa gidan, kuma abu biyu ke riƙe da wannan matsayi: ƙasar noma da aure.

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun san Takur, mai gashin baki da gonaki da 'yan daba, wanda talakan ƙauye ke durƙusa wa. Abin da fim bai cika tsayawa ya nuna mana ba shi ne yadda su kansu talakawan suke hawa hawa. Ana haihuwar mutum cikin wani rukuni da suke kira jati, kuma akwai dubbansu. Jati ke faɗa maka wa za ka aura, da wa za ka ci abinci, a wace unguwa za ka zauna, a da ma har rijiyar da za ka ɗebi ruwa. Mafi yawansu kowanne da sana'arsa: wanzamai, masu wanki, maginan tukwane, maƙera, masu matsar mai, majema, masu shara. A tsohon tsarin ƙauye da ake kira jajmani, ba kuɗi ake biyan waɗannan ba. Wanzami ya yi wa gidan mai gona aski shekara guda, ranar girbi a auna masa hatsi a masussuka. Ɗansa ya gaji askar, ya kuma gaji gidajen da ake yi wa askin. Daga nesa sai ka ce zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Amma mudun yana hannun mai gona, kuma wanda ke can ƙasa, mai jan mushe da mai kwashe bayan gida, taɓa shi ma ƙazanta ce a wurin wanda yake yi wa aikin.

Bhimrao Ambedkar, wanda aka haifa a 1891 cikin jatin Mahar na 'yan Dalit, ya san wannan tun yana ɗan makaranta. A kan buhu yake zama nesa da sauran yara, in ƙishirwa ta kama shi sai masinjan makaranta ya zuba masa ruwa daga sama don kada bakinsa ya taɓa moɗa. Ranar da masinja bai zo ba, ba ruwa. Ya yi karatu a Amurka da Ingila, ya dawo ya shugabanci kwamitin da ya rubuta kundin tsarin mulkin ƙasar. Shi ne ya ce tsarin jati ba rabon aiki ba ne kawai, rabon ma'aikatan ne kansu, a jera su wani bisa wani. Gandhi yana kallon ƙauye a matsayin ruhin Indiya. Ambedkar kuwa, a gaban majalisar rubuta kundin a 1948, ya kira ƙauye matattarar jahilci da ƙuntataccen tunani, kuma shawararsa ga mutanensa ita ce su yi karatu su nufi birni. A wannan gardama ina bayan Ambedkar. Mai yabon zaman ƙauye galibi ba shi ne aka hana rijiya ba.

Kundin ya fara aiki ranar 26 ga Janairun 1950, kuma sashe na 17 ya haramta ƙyamar taɓa mutum saboda asalinsa. Aka ware wa 'yan Dalit kashi 15 cikin 100 na guraben aikin gwamnatin tarayya da na manyan makarantu, ƙabilun daji kashi 7.5, daga 1990 kuma aka ƙara kashi 27 na ayyuka ga wasu rukunan da aka bari a baya. Ba za a ce abin bai yi amfani ba. Indiya ta yi shugabannin ƙasa biyu 'yan Dalit, K. R. Narayanan a 1997 da Ram Nath Kovind a 2017. Mayawati, 'yar jatin Jatav waɗanda asalinsu majema ne, ta shugabanci gwamnatin Uttar Pradesh, jihar da ta fi kowace yawan jama'a, har sau huɗu. Amma gurbin aikin gwamnati sai mai takarda, kuma 'yan Dalit sun kai kashi 16.6 na al'ummar ƙasar a ƙidayar 2011, wato mutum miliyan 200. Ofis nawa ne zai ɗauke su?

Hujjar masu cewa kasuwa ta yi abin da doka ta kasa ta fi ƙarfi a wani bincike da aka wallafa a 2010, wanda Devesh Kapur da marubucin nan ɗan Dalit Chandra Bhan Prasad da abokan aikinsu suka gudanar. Sun bi gidajen 'yan Dalit kimanin dubu 19 a yankuna biyu na Uttar Pradesh, Azamgarh da Bulandshahr, suna tambayar yadda rayuwa take a 1990 da yadda ta koma a 2007. A Azamgarh, a da kusan gida ɗaya cikin uku yana da wanda ke aikin halwaha, wato mai huɗa da aka ɗaure da bashi a gidan mai gona, shi da iyalinsa. Zuwa 2007 abin ya kusa ɓacewa. Tarakta ta karɓi huɗar, samari sun tafi birane suna aiko da kuɗi, jan mushe ya ragu ƙwarai, ware su gefe a wurin cin abincin biki ma ya ragu. Duk wanda ya raina wannan canji bai taɓa zama ƙarƙashin wani ba. Mutumin da a da ba ya iya cewa a'a, yau yana iya cewa yana da aiki a wani wuri.

To amma mu leƙa Palanpur. Wani ɗan ƙauye ne a yammacin Uttar Pradesh, kusa da garin Chandausi, a kan layin dogo mai zuwa Moradabad, kuma da wuya a sami ƙauyen da masana tattalin arziki suka bi diddiginsa kamar shi. Tun 1957 ake zuwa ana ƙirga gidajensa ɗaya bayan ɗaya, aka koma a 1962, da 1974, da 1983, da 1993, da 2008. Nicholas Stern da Jean Drèze suna cikin waɗanda suka zauna a can. A zuwan farko mutanen ƙauyen ɗari biyar ne da 'yan kai. A 2008 sun haura 1,200. Wato an ga kaka, an ga uba, an ga jika, kowanne da abin da yake samu a rubuce.

Jati uku suka fi fice a ƙauyen. Akwai Takur, masu gonaki da taƙama, waɗanda a al'adarsu riƙe garma ƙasƙanci ne. Akwai Murao, manoma na gado. Akwai Jatab, wato Jatav ɗin nan 'yan Dalit, waɗanda suka daɗe da barin jima, amma ba su da ƙasa sai ƙalilan. Da noman ban ruwa da sabon irin alkama suka shigo, Murao suka duƙufa, suka haƙa rijiyoyi, suka sayi injinan ban ruwa, har suka sha gaban Takur a samu, wasu Takur ɗin ma suka sayar da gonaki. Ga motsi nan ƙarara, ba mai musu. Daga baya ƙasa ta yi kaɗan saboda rabon gado da yawan jama'a, sai aikin waje ya zama shi ne hanya: masu shiga jirgin ƙasa da safe su tafi Moradabad ko Chandausi, aikin gini, dako a tashar jirgi, gogen dutsen daɓe, ɗakunan gasa bulo. Zuwa 2008 kusan rabin abin da ƙauyen ke samu ba daga gona yake fitowa ba. Teli, Musulmi masu matsar mai a asali, wasunsu suka kama kanikanci suka yi ƙarfi. Jatab ma suka ɗan numfasa, suna samun kuɗin lebura suna karɓar hayar gona.

Inda nake so a tsaya shi ne nan. Da aka dubi wane ne ya sami wane irin aiki a waje, sai aka ga aiki mai albashin wata da kwanciyar hankali ya fi faɗawa hannun waɗanda da ma suke da karatu da sanayya da ɗan abin da za su ba da a buɗe musu ƙofa. Jatab kuwa aikin ranar da aka samu ne nasu, mai karya baya, marar tabbas. Ratar mai shi da marar shi a ƙauyen ta ƙaru. Abin da ya fi ba ni mamaki ma, da masu binciken suka auna yadda samun uba ke nuna abin da ɗa zai samu, sai suka tarar alaƙar ta fi ƙarfi tsakanin 1983 da 2008 a kan yadda take tsakanin 1957 da 1983. Kowa ya canza sana'a, amma layin da aka jeru a kai bai canza sosai ba. Jikan majemi ba ya jima, ɗaukar bulo yake yi. Jikan Takur ba ya zaman taƙama a ƙofar gida, yana da ɗan aiki ko ɗan shago. Ka ce an samu ci gaba, gaskiya ne. Ka ce an daidaita, ba gaskiya ba ne.

Dalilin farko ƙasa ce. Ƙidayar noma ta 2015 zuwa 2016 ta nuna 'yan Dalit ba su riƙe ko kashi 9 cikin 100 na ƙasar da ake nomawa ba, kusan rabin abin da yawansu ya kamata ya ba su, kuma mafi yawan masu aikin gona a cikinsu ƙwadago suke yi a gonar wani. An yi dokokin karɓe ƙasa daga manyan masu gonaki bayan samun 'yancin kai, amma waɗanda suka fi cin moriya su ne manoman tsakiya da da ma suke haya, ba 'yan ƙwadago ba. Gona a ƙauye ba abinci ba ce kawai. Ita ce jinginar da banki ke karɓa, ita ake sayar da ɓangare a kai yaro jami'a, ita ke ba mutum ƙarfin zama wata shida yana neman aiki mai kyau maimakon ya kama na farko da ya samu. Wanda ba shi da ita, duk inda ya je daga ƙasa zai fara. Mutanen Una sun san abin da suke nema.

Kuma ƙazamin aikin nan bai tafi ko'ina ba. An haramta kwashe bayan gida da hannu a 1993, aka sake haramtawa da doka mai tsauri a 2013. Duk da haka a 2021 gwamnati da kanta ta shaida wa majalisa cewa ta tantance mutum sama da dubu 58 masu wannan aiki, kuma cikin waɗanda aka san jatinsu, kimanin kashi 97 'yan Dalit ne. Ƙofar fita daga sana'ar gado ta buɗe, amma ba wanda ke shigowa daga sama ya karɓi ƙazamar.

Dalili na biyu aure. Wani babban bincike na gidaje sama da dubu 40 a faɗin ƙasar, a 2011 zuwa 2012, ya gano kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na aure ke ƙetare jati. A binciken dai, fiye da gida ɗaya cikin huɗu suka amsa da bakinsu cewa har yanzu suna ƙyamar wasu, misali ba za su bar ɗan Dalit ya shiga madafarsu ko ya taɓa kwanukansu ba. Waɗanda suka amsa ke nan. Ambedkar ya ce auratayya ce maganin gaskiya, shi kansa kuma ya auri 'yar Brahmin, rukunin da ke can sama, a 1948. Har gwamnati ta kafa shiri da sunansa wanda ya riƙa ba ma'auratan da ɗayansu ɗan Dalit ne rupi dubu 250, amma kuɗi bai sayi yardar iyaye ba.

Me ya haɗa aure da sana'a? Komai. Ta hanyar aure dukiya ke zagayawa, ta nan suruki ke kai suruki wurin aiki. Masana biyu, Kaivan Munshi da Mark Rosenzweig, sun nuna cewa a ƙauyen Indiya jati shi ne asusun ko-ta-kwana: in damina ta ƙi, ko ciwo ya kwantar da mai gida, 'yan jatinka ne za su ranta maka. Wanda ya tattara ya koma birni dungurungum, ko ya yi aure a waje, ya yanke wannan igiyar. Shi ya sa ƙaura ta dindindin daga ƙauye ba ta da yawa a Indiya duk da ratar albashi tsakanin birni da ƙauye. Abin da ke ceton mutum ranar wuya shi ne ke riƙe da ƙafarsa. Har jatin da suka yi sama, a ƙungiyance suka yi. Nadar na Tamil Nadu, waɗanda asalinsu masu hawa giginya ne suna ɗiban ruwanta, sun haɗa kai suka kafa makarantu da asusun kasuwanci, suka fitar da Kamaraj da ya mulki jihar daga 1954, da attajiri Shiv Nadar mai kamfanin HCL. Sun hau, amma da jatinsu suka hau, ba su rushe shi ba.

Kada Musulmi ya yi saurin cewa wannan matsalar Hindu ce. Musulmin Indiya ma suna da masu da'awar asalin Larabawa ko Farisa a sama, masaƙa da mahauta da wanzamai a tsakiya, masu shara a ƙasa, kuma auratayya tsakaninsu da wuya. Ƙari a kan haka, dokar 1950 da ta fayyace wane ne zai ci gurbin 'yan Dalit ta taƙaita shi ga Hindu, aka ƙara Sikh a 1956 da mabiya Buddha a 1990, aka bar Musulmi da Kirista a waje. Mai sharan da ya musulunta ya rasa gurbin, bai kuma rabu da tsintsiyar ba.

Wannan ya kawo ni gida. Ba zan ce namu irin nasu ne ba, don ba haka ba ne. A ƙasar Hausa ba wanda ake hana rijiya don ubansa mahauci ne. Sahu ɗaya muke yi a masallaci, akushi ɗaya muke sa hannu, kuma ƙofar karatu da ta fatauci ba a taɓa rufe su ga kowa ba. Amma muna da sana'o'in gado, muna kuma da jerin da muka yi musu. M. G. Smith, da ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajen 1950, ya tarar masu sarauta da malamai da attajirai ne a sama, makaɗa da maroƙa da mahauta a ƙasa. Muna cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya in muna neman gwanin aiki; ranar neman aure kuwa gadon nan ne ke zama laifi.

Sana'o'in kansu suna narkewa. Asibiti ya karɓe kaciya da yawa daga hannun wanzami, injin aski ya karɓe aski, yadin kanti ya kashe masaƙa, ɗan maƙeri ya koma walda. Amma a lura da wannan: ɗan malam ya buɗe shagon aski ko ya sa firiji yana sayar da nama, sai a ce yaron nan akwai neman na kai. Ɗan mahauci ya zama likita, ya aika neman aure wani gida, sai baffan yarinya ya ce a dakata a yi bincike, bayan mako guda a dawo da maganar cewa an riga an yi mata miji. Ashe ba aikin ake ƙyama ba, gidan ake ƙyama. Na zuriyar bayi ya fi wannan ciwo. A Nijar sai a 2003 aka mai da bauta laifi a dokar hukunta laifuka, a 2008 kuma kotun ECOWAS ta kama gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12.

Abin da ya sa namu ya fi ban kunya shi ne ba mu da ko nassin da za mu fake da shi. Mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta sa nasaba ko sana'a cikin sharuɗɗan dacewar miji da mata ba, addini da lafiya daga aibi ta duba. A hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya umarci Banu Bayada su aurar wa Abu Hind, su kuma nemi aure a wurinsa, alhali Abu Hind mai yin ƙaho ne. Wanzami ke nan. Malamanmu sun san hadisin, ana karanta shi a zaure, amma ban ga ya hana baffa tambayar gidan su wa ba.

Polly Hill, masaniyar tattalin arzikin karkara, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 tana ƙirga gonaki da gidaje, bayan shekara goma ta tafi ƙauyukan Karnataka a kudancin Indiya ta yi irin aikin, ta kwatanta wuraren biyu. Bayananta na Batagarawa suna nan a rubuce. Zan so in ga wani sashen nazarin zamantakewa a Katsina ko Zariya ko Kano ya ɗauke su ya koma garin, gida gida, kamar yadda aka yi wa Palanpur, ya nemo jikokin mahauta da maƙera da makaɗa da manoman wancan lokaci. Kada a tsaya a tambayar wace sana'a suke yi yanzu. A tambayi gona nawa ta rage a hannunsu, wa ya samo musu aikin da suke yi, kuma 'yar gidan wa suka aura.